Anten tsayayya ta kwatar zango: riba da matsalar ƙasa a yankin Sahel

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana nuna cewa ingancin anten tsayayya, wadda a Najeriya ake kira eriya, ya fi dogara ga abin da aka shimfiɗa a gindinta bisa ga tsawonta ko ribar da masu ƙera ta suke rubutawa. Lamarin ya fi tsanani a ƙasar jigawa.

1. Tsarin anten

Masu sha'awar radiyo (radioamateurs da faransanci), waɗanda alamar kiransu a Nijar take farawa da 5U, suna son anten tsayayya don ba ta cin fili, kuma tana watsawa ko'ina a kewaye. Ana samun tsawon zango, λ, a metir in an raba 300 da firikansi a MHz. Sandar kwatar zango kuwa, bayan ragin da ake yi saboda kaurin ƙarfe, tana kusan 71,5/f: metir 10 ke nan a 7,1 MHz, metir 5 a 14,2 MHz.

Wannan sanda rabin dipol ce kawai. Ɗaya rabin, ƙasa ce take tsaya masa, domin ta cikinta kuran yake komowa gindin anten. Shi ya sa turjiyar watsawa (Rr) take wajen om 36, rabin om 73 na dipol.

2. Riba

Anten ba ta ƙara ƙarfi. Tattara shi take yi zuwa wata fuska. Dipol tana da 2,15 dBi a sarari. Bisa ƙasa marar aibi, lissafi yana bai wa kwatar zango wajen 5,2 dBi, mai 5/8 λ kuma ta ɗara ta da kusan 3 dB. Bisa ƙasar zahiri, a gajeren zango, kwatar zango ba ta cika wuce 0 zuwa 1 dBi ba. Amfaninta shi ne watsawa ƙasa-ƙasa, kusa da sararin gani, abin da ya dace da magana da nesa. Kai tsaye sama ba ta tura kome, saboda haka tsakanin Maradi da Zinder, tazarar da ta ɗan haura kilometir 200, dipol kwantacciya marar tsawo daga ƙasa ta fi ta.

3. Hasarar da ƙasa take jawowa

Ruwan teku yana barin kuran ya wuce da kimanin 5 S/m, matsakaiciyar ƙasa 0,005 S/m, busasshen rairayi kuwa 0,001 S/m ko ƙasa da haka. Lakar fadama ta gulbi ta fi jigawa nesa ba kusa ba, kuma fili guda yana sauyawa tsakanin damina da rani. Kuran da yake ratsa irin wannan ƙasa zafi yake komawa. In mun kira turjiyar hasara Rp, inganci shi ne Rr/(Rr + Rp).

Mu ɗauki misalai uku na lissafi. In Rp = 36, inganci 50 % ne: daga wat 100, hamsin sun tafi ɗumama rairayi, hasarar 3 dB. In Rp = 14, jimla om 50 ce cif, daidai da kabul; na'urar awon ROS za ta nuna 1, alhali inganci 72 % ne kaɗai. In Rp ta sauko zuwa 4, ROS ya hau 1,25, inganci kuma ya kai 90 %. Ke nan kyawun ROS ba shaidar kyawun anten ba ne. In an gajarta sandar zuwa λ/8, Rr tana faɗuwa wajen om 7, sai Rp = 14 ta cinye kashi biyu cikin uku.

4. Saiwoyi

Magani shi ne a shimfiɗa wayoyin tagulla daga gindin anten zuwa kowace kusurwa, don kuran ya bi su maimakon ƙasa. Muna kiran su saiwoyi (radians). A 1937 Brown, Lewis da Epstein na kamfanin RCA suka wallafa gwajin da ya zama tushen ƙa'idar saiwoyi 120 a tashoshin matsakaicin zango na Amurka. Mai sha'awa ba ya bukatar haka: 16 zuwa 32 suna rage galibin hasarar. In waya ta yi kaɗan, gajeru da yawa sun fi dogaye ƴan kaɗan, tunda kuran ya fi cunkushewa kusa da gindi.

Hanya ta biyu ita ce ɗaga anten metir 2 ko 3 tare da saiwoyi huɗu masu tsawon kwatar zango. Awon da Rudy Severns ya wallafa a 2009 ya nuna cewa suna iya kusantar aikin saiwoyi da dama na kwance, muddin an daidaita su sosai. In an karkato su ƙasa da digiri 45, turjiya tana hawa kusa da om 50. Sai dai saiwoyi kusa kawai suke gyarawa. Ƙasar da zangon yake dokawa can nesa, wadda take yanke ƙarfin watsawar ƙasa-ƙasa, ba su taɓa ta.

5. Turke da kariya

Turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa aikinsa dabam ne: kare mutum da na'ura daga tsawa da kuran ɗin gida. Bai maye gurbin saiwoyi ba, su ma ba su maye nasa. A haɗa shi da turken gida da waya mai kauri, gajera. Lokacin hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a jikin sanda. Turjiya mai girma tsakanin sanda da ƙasa tana zubar da shi. In hadari ya taso, a cire kabul.

Kammalawa

A jigawa, kuɗin tagullar saiwoyi sun fi na ƙarin tsawo ko ƙarin wat amfani. Muna ba ɗalibai shawarar auna turjiyar gindi da saiwoyi 4, 8, 16 da 32, a jigawa da fadama, cikin Afrilu da cikin Agusta, don a san inda ƙarin waya yake daina biyan kuɗinsa a ƙasarmu.