Tabon Ƙuna: Ciwo Ya Rufe, Jinya Ba Ta Ƙare Ba

Jama'a, sanyi ya kama daga Katsina har Maraɗi da Damagaram, kuma kun san a hunturu ake yawan samun ƙunar yara: ga gaushi a ɗaki, ga ruwan wanka na tafasa a murhu, ga kunu an sauke a ƙasa. A shirin wannan mako mun duba abin da ke biyo baya idan an sallamo yaro daga asibiti.

Ku sani, rufewar ciwo ba ita ce warkewa ba. Tabon ƙuna mai zurfi yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 kafin ya lafa, yana ƙaiƙayi, yana tauri. Kuma tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Ƙashin yaro na ƙara tsawo, tabon kuwa ba ya bin sa, sai ya riƙa jan gaɓa. Shi ya sa yaron da ya ƙone a hannu yana ɗan shekara 3 zai iya kai 10 yatsunsa sun lanƙwashe, ko gwiwar hannu ta ƙi miƙewa.

To, me za ku yi? Ku riƙa miƙa masa gaɓar kullum yadda likita ya nuna, ko da yana kuka. Tausayin yau shi ne naƙasar gobe. Inda fata ta riga ta rufe, a murza da man kaɗe a hankali, a kuma kare tabon daga rana. Da kun ga gaɓa ta fara ɗaurewa, ku koma asibiti. Ana aikin sakin tabo, wani yaron ma sai an maimaita yayin da yake girma.

Akwai kuma ciwon da ba ya a fata. “Wa ya bar tukunyar a buɗe?” Wannan tambaya ta hana gidaje da yawa zaman lafiya. Uwa ta kasa barci, miji na gori, yayar da aka bar wa raino, ita ma yarinya ce, ta girma da laifi a ranta. Maigida, kai za ka fara kashe maganar. Ka kira su ka ce tsautsayi ne, a gyara wurin murhu, kada a sake ɗora wa kowa.

Shi kuma yaron, kada ku ɓoye shi a ɗaki, kada ku bari a laƙaba masa suna da tabonsa. Ku aike shi kamar kowa, ku tsawata masa kamar kowa. Kafin ya koma makaranta, ku ga malaminsa. Ku koya masa gajeriyar amsa: “Wuta ce ta ƙone ni ina ƙarami, na warke.” Idan yana firgita cikin barci ko yana gudun wuta, ku saurare shi, ban da dariya.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.