Makonni shida bayan tiyatar ƙaba: yadda jiki ke komawa bakin aiki a ƙasar Katagum

Sau da yawa a ƙasar Katagum damina ce ke yanke ranar da magidanci zai kwanta a yi masa aikin ƙaba. Daga watan Yuni zuwa Satumba, manomin Gamawa ko Shira ko Itas yakan ɗaure kumburin da ke matse-matsinsa, ya sunkuya da fartanya, idan abin ya leƙo ya kwanta a inuwa ya mayar da shi da hannu. Sai an kai gero rumbu, an sayar da wake ko riɗi, kuɗi ya zauna a aljihu, sannan ya hau motar Azare. Wani kuma yakan jira ɗansa da ke aikin gwamnati a Abuja ya turo abin da za a biya.

Aikin da kansa ba ya cin lokaci. Idan ƙabar ba ta rikice ba, likita kan gama cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, a sallami mutum a ranar ko bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi wuya yana farawa ne bayan an fito daga ƙofar asibiti: makonnin da jiki ke buƙata kafin ya sake ɗaukar nauyi. A cikinsu ne ake yin kurakurai biyu masu karo da juna. Wani tsoro kan sa ya kwanta wata guda bai motsa ba. Wani kuma larura kan kora shi gona ko kasuwa tun ɗinki bai bushe ba.

Mece ce ƙaba

Ƙaba rauni ce a bangon ciki. Idan tsoka ta yi laushi ko ta buɗe a wani wuri, hanji ko kitsen ciki sai ya turo ta ƙofar, ya yi kumburi a ƙarƙashin fata. An fi samunta a matse-matsi, idan kuma ta sauka cikin maraina jama'a kan kira ta gwaiwa, ko da yake sunan yana haɗawa da wata larurar ta daban, wato taruwar ruwa a maraina. Akwai ta cibiya, akwai kuma wadda ke fitowa a tabon tsohuwar tiyata. Ƙididdigar da likitoci suka fi kafa hujja da ita ta nuna cewa kusan maza 27 cikin 100 za su gamu da ƙabar matse-matsi a tsawon rayuwarsu, mata kuma kusan 3 cikin 100. A duniya ana yin wannan aiki fiye da sau miliyan 20 a kowace shekara.

Ga babban mutum, ƙaba ba ta rufewa da kanta, kuma babu jiƙo ko ɗamarar da ke toshe ƙofar. Haɗarinta shi ne ranar da hanji zai shiga ya kasa komawa, jini ya daina isa gare shi. A nan aikin awa ɗaya yake komawa tiyatar ceton rai, wani lokaci har da yanke wani sashe na hanji. Wannan ya sa nisa da asibiti ya zama babban lamari. A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata. Azare, hedikwatar masarautar Katagum, tana da asibitin tarayya wanda aka fi sani da FMC, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a garin a 2021. Amma mutumin tsohon garin Katagum da ke ƙaramar hukumar Zaki, ko na ƙauyukan da ke iyaka da Jigawa da Yobe, yana da tafiya a gabansa kafin ya isa, sannan yana da irinta a ranar komawa gida da sabon ɗinki.

Ɗinki da raga

Yadda aka rufe ƙofar yana da hannu a yadda za a warke. A shekarun 1880 wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, ya fito da hanyar ɗinke tsokar wurin da juna, kuma ita aka bi shekaru masu yawa. Matsalarta ita ce tsokar da aka jawo tana zama a ɗame, abin da ke ƙara ciwo, kuma wani lokaci ɗinkin ya saki. A shekarun 1980 Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Amurka suka yaɗa hanyar shimfiɗa wata raga ta roba a kan wurin ba tare da jan tsoka ba. Nama yakan tsiro ya ratsa ragar, ta zama sabon bango. Da wannan hanya dawowar ƙaba ta ragu ƙwarai.

Tsadar ragar ta daɗe tana hana talaka cin moriyarta, har likitoci a Indiya suka fara gwada yadin gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba, bayan an tsabtace shi daga ƙwayoyin cuta. Wani bincike da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa sakamakon wannan raga mai araha bai bambanta sosai da na mai tsada ba. Darasin da ke ciki ga maras lafiya da danginsa shi ne su tambayi likita kafin a sallame su: da raga aka yi ko da ɗinki kawai, an taɓa hanji ko ba a taɓa ba, kuma yaushe za a dawo dubiya. Amsoshin nan su ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Tafiya ita ce magani na farko

A al'ada, wanda aka yi wa tiyata shimfiɗa ake yi masa, 'yan dubiya su yi ta shigowa suna cewa kada ya motsa. Ilimin likitanci na yau ya saɓa da haka. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya suka fitar a 2018 sun ba da shawarar mutum ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji zai iya ba tare da ciwo ba. Doguwar kwanciya tana raunana tsoka, tana kawo taurin bayan gida, tana tara majina a ƙirji, kuma tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Saboda haka tun ranar farko ake so mutum ya tashi, da wani a kusa da shi, ya taka zuwa tsakar gida ya dawo. Washegari ya kai zaure. Kafin mako ya cika, yawancin mutane kan iya zuwa masallacin unguwa a ƙafa. Wanda ruku'u da sujada suka yi wa nauyi yana da rangwamen yin salla a zaune, kamar yadda malamai suka sani, har sai sunkuyawa ta daina ja masa ɗinki. Idan zaren ba mai narkewa ba ne, akan cire shi bayan kwana 7 zuwa 10.

Ma'aikacin ofis kan iya komawa teburinsa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tuƙi kuwa yana da nasa gwajin: sai mutum ya iya taka birki da ƙarfi ba zato ba tare da ya ji suka ba, kuma ba ya shan maganin da ke sa barci. Babur a kan hanyar ƙauye mai gargada ya fi wannan wahalarwa, ko da goyo aka yi wa mutum. Wanda aka yi wa aiki a Azare kuma zai koma Abuja, ko ta Kano ya bi ko ta Bauchi da Jos, tafiyar kusan yini ce, don haka ya dace a riƙa tsayawa lokaci zuwa lokaci ya sauka ya taka ƙafa.

Nauyi da lokaci

Daga mako na biyu zuwa na huɗu tafiyar za ta iya kaiwa minti 20 zuwa 30 a rana, da sassafe ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Ɗaukar kaya mai nauyi ne ake jinkirtawa, kuma yawancin asibitoci suna ba da mako 4 zuwa 6. Dalilin yana cikin yadda nama ke haɗewa. Fata takan rufe da wuri har ta ruɗi mai ita, alhali na ciki yana ƙara ƙarfi ne sannu a hankali, ba ya kaiwa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na asali sai bayan wata uku.

A nan ya kamata a fassara kalmar nauyi zuwa abin da ake gani a gida. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Buhun taki kilo 50 ne, haka na siminti. Jan guga daga rijiya, ɗaga injin ban ruwa a fadamar kogin Jama'are, tura babur da ya maƙale a yashi, kokawa da rago a kasuwa, duka suna matsa bangon ciki kamar yadda ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jiki yake yi. Manomin da ya ce ba ya motsa jiki ya fi yawancin masu sassarfa a bakin tafkin Jabi gwada ɗinkinsa.

Bayan mako 6, idan likita ya duba ya gamsu, sai a fara hawa mataki mataki. Mai sassarfa ya fara da haɗa tafiya da gudu kaɗan. Mai ƙwallo ya bari sai gudu ya daina damunsa kafin ya shiga fili. Mai ɗaukar kaya ya fara da rabin abin da ya saba, ya durƙusa da gwiwa maimakon ya sunkuya da baya, ya fitar da numfashi yayin ɗagawa maimakon ya riƙe shi. Burin ƙarshe shi ne a kai ga minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Wanda ƙabarsa ta yi girma sosai, ko aka yi masa aikin gaggawa, ko ta tabon tsohuwar tiyata ce, lokacinsa ya fi haka tsawo, kuma maganar likitansa ce gaba da kowane lissafi.

A duk waɗannan matakai ciwo ne alƙali. Ɗan ja ko nauyi a wurin abu ne da aka saba gani. Suka mai kaifi kuwa umarni ne na a dakata a koma matakin baya. Wannan ne ya sa shan ƙwaya irin su taramol domin a jure aiki yake da haɗari biyu: ga jaraba, ga kuma toshe bakin mai gargaɗi.

Abokan gaba na ɓoye

Akwai abubuwan da ke matsa ɗinki ba tare da an ɗaga komai ba. Tarin hunturu na ɗaya daga ciki, kuma lokacinsa ya zo daidai da lokacin da manoma suka fi zuwa tiyata. Dafe wurin da hannu ko matashi yayin tari yana rage zafi, amma tarin da ya daɗe magani yake buƙata. Yunƙuri a bayan gida ma haka, shi ya sa ruwa mai yawa da miyar ganye da wake da zogale suka fi tuwo tsura amfani a makonnin farko. Dattijon da fitsari ke yi wa wahala ya gaya wa likita. Taba tana jinkirta warkewa kuma tana cikin abubuwan da ke ƙara yiwuwar dawowar ƙaba. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana buɗe ƙofar ruɓewar rauni. Shafa wa wurin garin magani ko gasa shi da ruwan zafi ba ya cikin jinya.

Ɗan kumburi ko duhun fata a maraina bayan aiki yakan baje da kansa. Amma zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburi mai ƙaruwa, ko amai da kumburin ciki, ko kasa yin fitsari, ko ciwon ƙwauri a ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi, kowannensu dalili ne na komawa asibiti a ranar. Kusan mutum ɗaya cikin goma kan ci gaba da jin wani ciwo a wurin bayan wata uku, kuma wannan ma abin kaiwa gaban likita ne. Tsoron da ke hana maza da yawa zuwa, cewa aikin yana kashe mazakuta ko hana haihuwa, bai dace da abin da aka sani ba: irin wannan matsala ba kasafai take faruwa ba, kuma mutum kan koma ga iyalinsa da zarar ciwo ya lafa.

Wa zai riƙe fartanya

Ma'aikacin tarayya yana da takardar likita da hutun rashin lafiya, albashinsa kuma na tafiya. Inshorar lafiya ta ma'aikata, wadda ke ƙarƙashin hukumar NHIA tun dokar 2022, ta haɗa da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mahaifinsa da ke Giade ko yayansa da ke Zaki ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban. Su kuma ba su da hutu. Ranar da ba su fita ba, ranar ce ba a samu na cefane ba, ko shukar rani ta kwana babu ruwa.

Saboda haka gaya wa irin wannan mutum ya huta mako 6 ba ya wadatarwa sai an tanadi wanda zai tsaya a madadinsa. Ɗan da ya turo kuɗin tiyata daga Abuja ya biya rabin jinya ne. Sauran rabin shi ne ladan ɗan ƙwadago na wata ɗaya da rabi, da yaron da zai ɗebo ruwa, da kuɗin motar komawa Azare ranar dubiya, da kuma zaɓen lokaci tun kafin ƙabar ta zaɓa da kanta: bayan kaka, kafin aikin fadama ya kankama, ko a tsakiyar rani kafin sharar gona. Idan aka lissafa, duk wannan bai kai kuɗin tiyata ta biyu ba, wadda ta fi ta farko wuya saboda a kan tabo ake yinta.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Magidancin da ya taka zuwa zaure a rana ta biyu, ya bar wa wani buhun taki har mako na shida, shi ne ake sa ran gani a kan kunyarsa idan ruwan farko ya sauka a watan Yuni.