Gam da matsi ne ke riƙe fallen katako a jikin lasifika mai lanƙwasa

Tun farkon shekarun 1950 Harry Olson na kamfanin RCA a Amurka ya gwada akwatunan lasifika masu siffa iri-iri, ya nuna cewa kusurwa mai kaifi tana dagula sauti, kuma akwati mai siffar ƙwallo ya fi fitar da shi sumul. Bango mai lanƙwasa kuma ya fi miƙaƙƙe tauri, bai cika rawa ba idan amo ya yi ƙarfi. Shi ya sa Bowers & Wilkins a Ingila da Sonus faber a Italiya suke lanƙwasa jikin manyan lasifikunsu. Wahalar tana zuwa ne a ƙarshe, lokacin lulluɓe akwatin da siririn fallen itace mai kyau, irin na sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta.

A ganina, kyan fallen ba shi ke tabbatar da aikin ba. Gam ne da yadda aka matse. Kaurin fallen yakan kai kusan milimita 0.6 kawai, amma har yanzu itace ne: yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi. Idan jijiyoyinsa sun miƙe daga sama zuwa ƙasa, yana naɗuwa a lanƙwasa cikin sauƙi; aka juya shi, sai ya tsage. Gam mai kama nan take, irin Evo-Stik da kafintoci suka saba da shi, ko ya bushe yana nan kamar roba. Fallen da aka tilasta wa lanƙwasa kullum so yake ya miƙe, gam mai laushi kuwa yana sakar masa hanya kaɗan-kaɗan, har haɗin ya buɗe ko fallen ya kumbura. Inda damina da hunturu ke karɓa-karɓa, abin ya fi saurin bayyana. Gam mai sandarewa, irin na yuriya, shi ke hana wannan, amma sai an matse ko'ina daidai har ya bushe. Masu sana'ar suna sa akwatin a jakar leda mai kauri su zuƙe iskar ciki da na'ura, sai iskar waje ta danne kowace santimita murabba'i da nauyin da ya kusa kilo 1.

Wani zai ce ƙaramin kafinta ba shi da kuɗin wannan na'ura, kuma gam mai kama nan take yana gama aiki a yini. Gaskiya ne, kuma idan fallen mai takarda a baya ne, takardar tana rage motsinsa, gam ɗin yakan riƙe. Ɗanyen falle ne bai kamata a sa masa shi ba. Kuma matsi bai tsaya ga na'ura ba: siririn filawud da aka naɗa bisa fallen aka ɗaure da ɗamara masu yawa yana rarraba nauyi sosai a lanƙwasa mai bin hanya ɗaya. Wadda ta karkata ta fuska biyu, kamar bayan ƙwarya, ita ce sai an yayyanka fallen an haɗa, domin itace ba ya talewa.