Bayani A Kan Man Da Ke Cikin Buhun Hatsi Da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

 Sau da yawa mai saye yakan tsaya a bakin rumfa ya ce, "Alhaji, masara ai ba mota ba ce, ina ruwanta da fetur?" To, wannan tambaya nake so in amsa yau, domin wanda bai san inda kuɗin mai yake shiga cikin buhu ba, ba zai san ranar da uwar kuɗinsa ta fara zurarewa ba.

Mai yana shiga buhun hatsi ta ƙofa huɗu. Ta farko taki. Takin yuriya da iskar gas ake yin sa, a masana'antu irin na Indorama da ke Eleme da na Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, sa'an nan a loda shi a mota ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ya iso Kano. Ta biyu ruwa. Mai noman rani da ba ya kan magudanar madatsa, da injin ban ruwa yake jawo ruwa, injin kuwa fetur yake sha. Ta uku sufuri, daga gona zuwa kasuwar ƙauye, daga nan zuwa Dawanau, daga Dawanau zuwa Kudu. Ta huɗu injin sussuka da na casa da na niƙa. Watau kafin tuwo ya zo akushi an ƙona mai a kansa sau huɗu ko fiye.

Iyayenmu sun ga lokacin da ba haka abin yake ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Jaki da raƙumi su kawo kaya tasha, jirgi ya kwashe. Da jirgi ya raunana sai kaya suka koma kan titi, kasuwar hatsi duka ta rataya a wuyan babbar mota. Muddin mai yana araha ba wanda ya damu. Ina yaro, a 1986, da aka kai litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, mutane suka yi ta kuka, alhali ba su ga kome ba tukuna.

Abin lura a nan, mai iri biyu ne. Tirela man gas take sha, watau dizal, shi kuwa an daɗe da janye masa tallafi. A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, litarsa ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700. Fetur shi ne na ƙananan motoci da babura da injin ban ruwa. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafinsa ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki kaɗan, a Oktoba 2024 ta haura 1,000. A Yuni 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati take sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Gaskiya dai tallafin nan ma ba rabon adalci ba ne. A 2022 ya ci sama da naira tiriliyan 4. Mai motoci biyar da janareto a gida shi ya fi cin moriyarsa, sai masu ketare iyaka da shi. Mai tafiya a ƙasa ɗan abin da ya samu shi ne sauƙin kuɗin mota da na abinci. Amma da aka janye shi, nauyin bai faɗa a kan kowa daidai ba. Ga dalili.

Kasuwarmu matakala ce. A ƙasa akwai ƙaramin manomi, sama da shi mai saye a kasuwar ƙauye, sai dillali, sai babban ɗan kasuwa mai sito, sai kamfani mai sayen tirela ɗari. Duk wanda ya fi tudu, mai ya fi masa araha. Bari in kawo misali, kowa ya sa nasa farashin na yau a ciki. Tirela tana ɗaukar buhu 300. In an yi shatarta naira 1,500,000 daga Kano zuwa Legas, buhu ya tashi a 5,000, watau naira 5 a kowace kilomita. Manomin da zai kai buhu biyu kasuwa mai nisan kilomita 25 a a-kori-kura, in an caje shi naira 1,000 a buhu, ya biya naira 40 ke nan a kilomita. Ninki takwas. Sa'an nan babba daga tanki yake sayen mai a sari, na ƙauye kuwa a hannun 'yan bumburutu yake saye a galan ko kwalba, da ƙari a kai, wani lokaci har da gauraye.

Haka wutar lantarki. An kasa masu shan wuta gida biyar, daga A zuwa E. Na A an yi musu alkawarin sa'a 20 a rana, na E sa'a 4. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin na A zuwa naira 225 a ma'auni guda, masu masana'antu suka koka, kuma suna da hujja. Amma duk da haka wutarsu ta fi ta ƙaramin janareto araha. Mai injin casa a ƙauyen da ko turke ba a kafa ba, da mai zalla yake aiki. A lissafin Bankin Duniya na 2021, mutum miliyan 85 a ƙasar nan wayar wuta ba ta kai gare su ba.

Abu na biyu shi ne ikon jira. In mai ya tashi, mai sito yakan rufe ƙofa har farashi ya biyo shi. Manomin da ya ci bashin taki da na fetur ba shi da wannan dama. Kaka na yi mai bashi yana ƙofar gida, dole ya sayar lokacin da hatsi ya fi araha, in damina ta faɗi kuma ya dawo ya auni abin da ya sayar da tsada. Na sama yana tura kuɗin mai gaba ga mai saye, ko ya mayar da shi baya ga manomi ta hanyar rage tayi. Na ƙasa ba shi da wanda zai tura wa. Mai sayen mudu guda da yamma shi ma haka, shi ne ƙarshen layi.

Mun ga ɗaya fuskar abin kuma. A Yuli 2024 gwamnati ta ba da izinin shigo da masara da alkama da shinkafa ba haraji na kwana 150. A 2025 hatsi ya faɗi ƙwarai, mai ci ya sami sa'ida, amma taki bai sauko tare da shi ba. Manomi da yawa ba su mayar da abin da suka kashe ba, waɗanda suka yi ajiya da kuɗin bashi kuma suka ƙone. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin manomin da ya yi hasara bana zai rage gona baɗi, in gona ta ragu dillali ba shi da abin ɗorawa a sikeli.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta farko, kafin ka yi tayi a kasuwar ƙauye, ka tambayi kuɗin gas na wannan mako da kuɗin shata, ka raba bisa buhu, kada ka yi lissafi da na watan jiya. Ta biyu, ƙananan 'yan kasuwa su riƙa haɗa kaya su cika mota guda, mutum goma masu buhu 30 sun zama daidai da mai 300. Ta uku, wanda yake ba manoma jari ya duba injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Sayensa da nauyi, amma ba ya neman galan kowace safiya. Shugabannin kasuwa kuma in sun zauna da hukuma, su sa maganar jirgin kaya da gyaran hanyoyin ƙauye a gaba, domin nan ne kuɗin ƙaramin mutum ya fi zuba.