Talabijin Don Wasan Kwamfuta: Abin Dubawa Kafin A Miƙa Kuɗi

Duk wanda ya bi titin Kuduku da yamma zai ga samari sun yi cincirindo a ɗakunan wasa, suna buga ƙwallo a PlayStation. Ga yaran nishaɗi ne, amma ga mai ɗakin sana'a ce, kuma sau da yawa da kuɗin adashi ko jarin da wani yaya ya ba shi ya buɗe ta. Kayan nan kuwa daga Dubai da Sin suke fitowa, su sauka Duwala, su biyo ta Garwa-Bulai da Beloko da Buwar, tafiyar fiye da kilomita 1,400 kafin su iso kasuwar Kilomita Biyar. Saboda haka ba maganar mayar wa kamfani. In ka fita daga kanti da talabijin, ya zama naka ke nan.

Mai saye yakan fara tambayar girma, alhali abin da ya fi damun mai wasa shi ne jinkiri, watau ɗan lokacin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan ƙwallo a allo. Talabijin yakan tsaya ya gyara hoto, ya ƙara masa launi da santsi, kafin ya nuna shi. Mai kallon fim ba ya lura. Amma na'urar wasa takan aiko hoto 60 cikin daƙiƙa guda, kowane hoto kashi 17 ne cikin 1,000 na daƙiƙa, don haka in allon ya makara da hoto biyar ko shida, kafin ka buga an riga an ƙwace ƙwallon. Maganinsa wani saiti ne da ke kashe duk wannan kwalliya, wanda ake rubutawa "Mode Jeu" a akwatunan da ke Faransanci. Ka karɓi rimot ka neme shi da kanka. In babu, ni dai shawarata ka wuce gaba, komai kyan hoton.

Sai tsabtar hoto. Galibin masu inci 32 na araha ɗigo 1366 ne a kwance da 768 a tsaye. Ga PS3 sun isa, domin yawancin wasanninta ba su wuce nan ba. Amma PS4, wadda ta fito a 2013, tana ba da 1920 da 1080, kuma wanda zai haɗa kwamfuta ya zauna kusa, ƙasa da wannan rubutu zai riƙa yi masa dishi-dishi. Shi kuwa 4K, da hoto 120 a daƙiƙa, sai mai PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi yake morarsu. Mai ƙaramin ƙarfi da ya biya kuɗinsu ya sayi doki ne ba shi da ciyawa. Haka nan kada lambobin 200 ko 400 da ke jikin kwali su ruɗe ka, allon araha 50 ko 60 yake yi.

Ka juya bayansa ka ƙirga ramukan HDMI, biyu aƙalla. Masu PS2, kuma har yau tana da jama'a, su duba ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, domin sababbin akwatuna da dama sun daina zuwa da su. Ka kuma gwada lambar da ke manne a baya da wadda ke cikin saiti, don sunan babban kamfani ba ya da wuyar mannawa.

Batun wuta kuwa, kowa ya san halin da muke ciki. Ko da aka buɗe tashar hasken rana ta Danzi a 2023 don tallafa wa Bowali, ENERCA rabon wuta take yi unguwa-unguwa, kuma dawowar wutar ce ke ƙona kaya. Tun farko ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta cikin lissafinka, ko da zai sa ka sauko daga inci 43 zuwa 32. Mai inci 32 na LED bai cika wuce wat 50 ba, batir da faifan sola na iya riƙe shi, har akwai masu aiki da bolt 12 kai tsaye. Tsofaffin plasma da ake sayarwa na hannu, waɗanda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa a 2014, suna cin wuta ninki-ninki, kuma allon makin wasa yakan bar musu tabo. Araha ba ta ado.

A matsayina na malami zan ɗan ratse: masu ɗakunan wasa, don Allah yaro da rigar makaranta a jikinsa da hantsi, a kore shi.

Ranar saye ka tafi da na'urarka da wayar HDMI, ka roƙi mai kanti ya tada janareta in babu wuta. Ku buga wasa guda sosai. Sa'an nan ka sa hoto fari fat, ka sa baƙi wuluk, ka matso kusa ka duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya ta gefe. Na hannu ne, ka bar shi a kunne rabin awa ka taɓa bayansa.