FASHIN BAƘI: Yadda na'ura ke gane mutum a hoto, da abin da ke biyo baya idan ta kuskure

Da daren 18 ga Maris, 2018, wata mota mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta banke wata mata da ke tsallaka titi tana tura kekenta a birnin Tempe na jihar Arizona, a Amurka. Matar ta rasu. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri ta gano cewa na'urorin motar sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon. Sai dai manhajar ta yi ta sauya hukunci: ta ce mota ce, ta koma ta ce abu ne da ba ta sani ba, sannan ta ce keke ne. Ko sau ɗaya ba ta ɗauke ta a matsayin mai tafiya a ƙasa ba.

Idanu iri biyu irin wannan na'ura ke amfani da su. Kyamara tana ba ta launi da siffa, amma ba ta faɗin nisa. Na'urar auna nisa, kamar lidar, kan harba hasken da ido ba ya gani, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Haɗa su biyun ne ke bambance mutum na gaske da hotonsa da ke manne a allon talla.

Fassara waɗannan bayanai kuma aikin fasahar koyo mai zurfi ne, wadda ta yi fice tun 2012. Ba a rubuta wa kwamfuta cewa mutum yana da kai ɗaya da ƙafa biyu. Ana loda mata dubban hotunan da ma'aikata suka kewaye mutanen ciki da layi. Tana hasashe ana gyara mata har ta ƙware, ta riƙa nuna mutum tare da makin da ke bayyana ƙarfin tabbacinta.

A nan rauninta yake: abin da ba a koya mata ba, da wuya ta gane shi. NTSB ta ce ba a tsara manhajar Uber da tunanin mai tsallaka titi a inda babu alamar tsallakawa ba. A 2019 kuma, masu bincike a jami'ar Georgia Tech sun gano cewa manhajojin da suka gwada sun fi kuskure wajen gano masu duhun fata.

Wa ya ɗauki alhaki? Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi Uber da aikata laifi ba. Ma'aikaciyar da aka ɗora wa sa ido a cikin motar ce ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari a 2023.

Saboda haka, duk ranar da wata gwamnati ko kamfani suka zo da kyamarar da aka ce tana gane mutane, tambaya uku ta wajaba: da hotunan su wa aka horar da ita, wa ya gwada ta, kuma wa zai amsa idan ta kuskure?