Barin gida da bisashe a hannun wani

Bayan girbi, magidanta da yawa sukan tafi cin rani, su bar gida da bisashe a hannun maƙwabci ko ɗan'uwa. Kunya takan hana a yi maganar lada. Sai a dawo a tarar awaki sun rame, zumunci kuma ya ɓaci.

Kafin ka tashi, ku yanke lada a gaban shaidu biyu: kuɗi ne kowane wata, ko tiyoyin hatsi, ko ɗan akuya idan ta haihu. Ku ƙidaya bisashen tare, ka rubuta a takarda, tunda yanzu ka iya rubutu. Ka biya rabi, sauran sai ka dawo.

Kuɗin abinci dabam yake da lada. Wanda ya haɗa su, bisashensa ne za su kwana da yunwa. Ka ajiye harawa, dusa da kanwa, ka bar kuɗin ruwa, domin a bazara tunkiya guda takan sha lita 4 zuwa 5 a rana.

Idan dabba ta kamu da ciwo, mai tsaron gida ya kira likitan bisashe. In kuwa ta kusa mutuwa, ka ba shi izini tun yanzu ya yanka ta a gaban shaida, kada ta zama mushe.